Auren da Aka Ɗaura ta Tagar Mota

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da aka ɗaura mini aure ina zaune a bayan sitiyari, tayar motata ɗaya tana lilo a sama. Idan ka je ƙauyen su matata da ke ƙasar Baure ka ambaci sunana, da wuya a gane ni. Amma ka ce "angon taga," har tsofaffin da ba sa fita ƙofar gida za su ba ka labarina, su ƙara masa gishiri.

Lokacin ina da ɗan kanti na sayar da wayoyin hannu da kati a nan Daura, kasuwa ta buɗe mini, kaina kuma yana rawa. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kiɗa da rawa sun ja baya a bukukuwa, sai mu samari muka mai da burgarmu kan abin hawa. Masu babur suna fasa salansa, masu mota suna ƙara fitilu. Ni kuwa na sayi wata jar mota mai ƙofa biyu da aka shigo da ita ta Maraɗi, irin na tsere ɗin nan, mai dogon baki da guntun baya. Ta sha hannu, ta ga duniya, amma idan na taka totur sai ta yi wani gurnani da ke sa in ji garin duk nawa ne.

Aibinta ɗaya. Idan na sha kwana da gudu sai ta kwanta gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi ɓangare ɗaya, bayanta ya yi ta rangaji kafin ta daidaita. Mai hankali zai ce a rage gudu a kwana, magana ta ƙare. Ni sai na tare a shagon intanet ina kallon yadda motocin tsere suke manne wa kwalta, na fito da fatawar cewa ƙafafun motata ne suka yi tsawo da laushi. Na kai wa bakanikena Ila wannan ilimi. Ila sa'ana ne, hankalinmu ma ɗaya (wato dukanmu babu), don haka ko gardama bai yi ba, ya wanke hannu muka kama hanyar Kano.

A kasuwar kayan mota wani mai shago ya baje mana kaya iri-iri. Akwai gajerun sifirin, wato nannaɗaɗɗun ƙarafan nan da mota ke zaune a kansu, waɗanda za su sauke motar ƙasa, amma idan ka haɗa su da tsohon shokazoba, mai shanye girgizar hanya, sai ta riƙa tsalle. Akwai shokazoba masu tauri da za su hana ta rangaji ba tare da an rage mata tsawo ba. Waɗannan su ne daidai da buƙatata, na kuma san haka, amma wa zai gani? Gyaran da ba a gani daga bakin titi ai ba gyara ba ne a wurina. Sai ya ɗauko na ukun, shokazoba da sifirin a haɗe, jikinsu da zare kamar na kusa, da wani zobe da ake murɗawa da sifana ta musamman. Ka murɗa sama mota ta tashi, ka murɗa ƙasa ta durƙusa. Ya ƙara mana da wata kakkaurar sandar ƙarfe da ke ɗaure ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta kwanta a kwana, da bushi, wato matasan gaɓoɓin ƙafar mota, masu tauri maimakon na roba.

"Wace irin hanya kake bi, Alhaji?" ya tambaye ni.

"Kwalta zalla," na ce masa, ko ƙiftawa ban yi ba.

A garejin Ila muka ɗaura su. Yana murɗa zobe yana ɗago kai yana tambayata, "A ƙara?" ina cewa a ƙara, har sai da tafin hannu ya daina shiga tsakanin taya da jikin mota. Kuma maganar gaskiya, kayan sun yi aiki. Da muka hau hanyar Mashi na sha wata kwana da a da take sa ni salati, motar ko gezau ba ta yi ba, inda na nuna da sitiyari nan ta bi. Ila ya leƙa ta taga yana ihu. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, daga ranar ko tsakuwa na taka sai na ji ta a ƙashin bayana, kuma ƙofar gidanmu ma sai a karkace nake shigarta. Na ƙware a wannan dabara: duk wani tudu, ka tunkare shi a kaikaice, taya ɗaya ta hau, sannan ɗayar. Har alfahari nake da ita.

To, ga inda aure ya shigo. Ina neman Hindatu, malamar firamare, wadda na haɗu da ita ta kawo gyaran waya. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, wansa Malam Hadi ne ya riƙe ta, shi ne kuma waliyyinta. Malam Hadi siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, ba ya maimaita magana. Wani mai son alheri ya kai masa labarin cewa ina cikin yaran da ke tsere a hanyar Katsina, nan take ya ɗage ranar da aka sa. Na rame a tsaye. Da yake ni ɗan fari ne, mahaifina ba ya sa baki a sha'anina don kunya, sai wansa, Baffa Mamman, ya tafi da kansa. Baffa dillalin shanu ne, mutum mai jiki masha Allah, ga ciwon gwiwa, ga baki. Ya dafa ƙirji ya ce yaro ya natsu, a wuyansa.

"Don darajarka, Alhaji," in ji Malam Hadi. "Amma idan na ga abin da bai kwanta mini ba, ko a gaban liman ne zan janye."

Duk wanda ya san shi ya san ba barazana ba ce. Wannan magana ita ce ta riƙa tashina daga barci. Duk zuwan da nake yi zance da babur ɗin aro nake zuwa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, don haka jar motar ba ta taɓa taka hanyar garinsu ba. Hindatu ma sai da ta ja mini kunne a waya. "Don girman Allah, ranar nan ka zo a mota irin ta mutane. Baba yana lura da komai."

Na ce mata to. A raina kuwa na riga na tsara: zan zo da motata, in ɓoye ta a bayan firamaren da ke bakin gari, in shiga da ƙafa cikin abokai kamar mutumin kirki, idan an gama mu dawo Daura da gurnani. Ana gobe ɗaurin aure Ila ya zo da sifana ya ce mu ɗaga ta ko kaɗan, tunda damina ce kuma daga Baure burji ne. Har ya sa jak. Sai wani abokina ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Kai, ango, wannan mota yadda ta kwanta ɗin nan ai ita ce adon bikin." Na dubi Ila na ce ya sauke jak ɗinsa. (Wannan abokin har yau muna gaisawa, amma sama-sama.)

Da safe motocin haya suka kwashe 'yan uwa da abokai suka yi gaba. Ina gyara zaman hula a madubi sai na ji muryar Baffa a zaure. Ashe ya tafi kasuwa zaɓo goro da kansa, don a cewarsa yaran yanzu ba su san ɗan goro mai kyau ba, kowace mota kuma ta ɗauka yana cikin ɗayar. Ga shi tsaye da babbar riga, ga huhun goro, ga buhun dabino da alewa. Shi ne wakilin ango. Idan babu shi babu mai karɓar mini aure. Kuma a duk unguwar babu motar da ta rage sai tawa.

Baffa ya zagaya motar yana kallonta. "Kai, wa ya yanke mata ƙafafu?"

"Haka ake yin su, Baffa."

"To Allah ya shirya masu yin su."

Shigarsa kaɗai aiki ce. Ya juya baya, ya riƙe rufin, ya yi bismilla, ya saki jiki. Motar ta yi wani nishi ta ƙara nutsewa ta ɓangarensa. Sai a lokacin na tuna duk gwajin da na yi wa kayan nan da Ila na yi shi, shi kuwa Ila iska mai ƙarfi ma tana iya ɗaukarsa.

A kwalta mun tafi lafiya, in ban da duk ramin da muka faɗa Baffa yana salati yana tambaya ko a kan turmi na zaunar da shi. Da muka bar Baure muka hau burji sai tashin hankali ya fara. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, manyan motoci sun tona hanya, tsakiyarta ta yi doro. Cikin motar ya riƙa gurzar ƙasa, ƙurrr, ina jin sa har cikin haƙorana. Na koma giya ɗaya. Masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Wata mata da tallan nono a ka ta jera da mu na ɗan lokaci, sannan ta gaji da jira ta yi gaba. Wayata sai ƙara take, abokai suna cewa jama'a sun taru, Malam Hadi ya fara duba agogo. Gabas kuma ta haɗa hadari baƙi ƙirin. Zufa ta jiƙa mini sabuwar shadda tun daga wuya har ƙugu.

Da firamaren ta bayyana na rage gudu (in dai abin da nake yi za a kira shi gudu) na ce, "Baffa, ko mu ajiye ta nan mu ƙarasa da ƙafa?"

Ya dube ni, ya dubi gwiwarsa. "Goya ni za ka yi?"

Haka shirina na ɓoye mota ya mutu. Na ci gaba ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Ana shan kwanar ƙarshe sai ga masallaci, ga jama'a fari fat a kan tabarmi a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, kowa ya juyo yana kallon wannan jan abu mai gurnani. Tsakanina da su kuma ga abin da bai kasance a wurin ba a zuwana na baya. Ashe wata mota ta buge wa wani saniya, mutanen gari suka kwantar da kututturen giginya a tsakiyar hanya suka lulluɓe shi da ƙasa don masu gudu irina. Ramin da suka ɗebi ƙasar yana nan a gefen dama, ruwan sama ya cika shi taf.

Na ce a raina ai wannan fannina ne. Na karkata sitiyari, na tunkare shi a kaikaice. Tayar gaba ta hau, ɗayar ta bi, sai na ji ƙum, cikin motar ya zauna daram a kan giginya. Bayanta ya zame a laka ya nufi ramin, ɓangaren Baffa ya yi ƙasa, nawa ya yi sama. Kayan da na saya don kada mota ta kwanta sun cika alkawari: ƙafafun sun yi tauri, sun ƙi miƙewa su nemi ƙasa, tayar baya ta ɓangarena ta tsaya a iska.

Mutane suka taso da gudu. A nan ne ya kamata in kashe mota in yi shiru. Maimakon haka tsoro ya sa na danna totur har ƙasa. Injin ya yi kururuwa, tayar da ke cikin laka ta yi feshi, duk wanda ya zagaya baya don ya taimaka ya samu rabonsa. Da na ɗago ido na dubi madubi, mutum na farko da na gani shi ne Malam Hadi, tsaye, jar laka tun daga hularsa har gaban farar rigarsa. Bai goge ba. Na kashe motar, ana jiyo tsawa daga nesa.

Wallahi a wannan lokaci na sallama. Na ce Hindatu ta tafi, darajar Baffa ta zube, ni kuma sai dai in koma Maraɗi da zama.

Aka fara shawara. Ƙofar Baffa a kan ruwa take buɗewa, kuma ko da a kan tudu ne gwiwarsa ba za ta fitar da shi daga wannan rami na kujera ba. Ya tsallako ta ɓangarena kuwa, wannan ko a mafarki. Wasu suka ce a ɗaga motar, wasu suka ce ana taɓa ta za ta kife da Alhaji a ruwa, gara a jira shanun huɗa su jawo ta baya, shanun kuma suna gona. Aka tura a kira su. Majiya ƙarfi suka danne ɓangarena, wani ya ce, "Ango ya fito mana, mun riƙe ta."

Abin da nake jira ke nan. Niyyata in fita, in ratsa jama'a, in shige gonar gero, kada a sake ganina. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, motar ta ɗan motsa, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu ta ƙasa, inda ba mai gani. Hannun da ya saba riƙe bijimi ne. Baffa yana murmushi wa jama'a, ya yi magana ta gefen baki yadda ni kaɗai zan ji.

"Wallahi ka fita ka bar ni a cikin akwatin nan, ni da bakina zan ce ban karɓa ba."

Na saki ƙofa. Mutumin ya sake cewa in fito. Na ce, da ƙarfi fiye da yadda na yi nufi, "A'a, ba zan fita in bar Baffa ba."

Iska ta taso, aka fara yayyafi, mutane suna naɗe tabarmi. Liman ya matso kusa da Malam Hadi ya tambaye shi a hankali ko a ɗaga zuwa wani lokaci. Na runtse ido ina jiran kalmar nan da ya yi alkawari. Malam Hadi ya kalle ni ta gilashin gaba, ni kuwa na ƙura wa sitiyari ido kamar yau na fara ganinsa.

"Wakili yana nan," in ji shi. "Shaidu suna nan. A matso."

Ku da kuka san al'ada kun san ango a wurin ɗaurin aure can baya yake fakewa cikin abokai, ko inuwarsa surukai ba sa gani. Ni kuwa tagata ce kaɗai hanyar isa ga Baffa. Liman ya tsuguna a gefenta, Malam Hadi ya sunkuyo ya sa kai, har gemunsa yana taɓa kafaɗata, ina jin ƙamshin turarensa da warin lakar da na watsa masa. Na manne da kujera na daina numfashi. Baffa ya gyara murya, ya nema mini auren Hindatu ta saman cikina. Malam Hadi ya ce ya bayar, ta gaban hancina. Aka miƙa sadaki ya wuce ta kan sitiyari. Liman ya tambaya ko an ɗauki nauyin ci da sha da sutura da wurin kwana, Baffa ya ce an ɗauka, wani daga baya ya ce, "Ban da abin hawa!" Dariyar da jama'a suka daɗe suna dannewa ta fashe, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta an ɗaura, aka shafa Fatiha, ni da hannu ɗaya na shafa don ɗayan har lokacin yana hannun Baffa.

Goro ma sai da aka jira shanu, don but ɗin motar da aka zuba shi a ciki yana saman ruwa. Da suka iso aka ɗaura igiya, bijimai biyu suka jawo motar tseren baya cikin ruwan sama, salansa ta zauna a kan giginya ta ce ba da ita ba. Aka zaro Baffa kamar ana cire taya.

Kafin mu tafi Malam Hadi ya kira ni zaurensa. Na durƙusa ina jiran faɗa. Ya canja riga, yana zaune a kan buzu.

"Da na ga motar nan na riga na yanke shawara," ya ce. "Abin da ya sauya ni shi ne an ce ka fito ka ƙi. Yaron da kunya ba ta sa ya gudu ya bar baffansa a rami ba, ina sa ran ba zai gudu ya bar 'yata ba. Ka tashi, Allah ya yi albarka."

Na dubi Baffa da ke gefe yana tauna goro. Ya kalli rufin zaure kamar yana ƙirga azara. Shatin yatsunsa yana nan a wuyan hannuna, na ja hannun riga na rufe.

Washegari na kai wa Ila motar muka murɗa zoben nan sama har ƙarshen zare, ta miƙe ta koma kamar akuya mai tsayin ƙafa. Amarya kuwa a motar haya aka kawo ta, bisa sharaɗinta. Sai da muka yi 'ya'ya biyu na gaya mata gaskiyar abin da ya zaunar da ni a motar, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce kada in kuskura Baba ya ji. Bai ji ba. Har gobe idan ana maganar yaran kirki a zaurensa sai ya kawo misali da ni, ni kuma in sunkuyar da kai, a ɗauka tawali'u ne. Baffa ya rasu bai taɓa tona ni ba. Abin da ya bar mini shi ne shaidar da ban cancanta ba, na kuma shafe shekarun nan ina ƙoƙarin kada in ƙaryata ta.

Yanzu idan samari suka zo kantina suna tambayata wane shokazoba ya fi riƙe kwana, nakan gaya musu abin da na sani, don har yanzu na sani. Amma nakan ce kafin su saya su je su ga hanyar garin surukansu da damina, sannan su dubi girman wanda zai karɓar musu aure.